Mahauci a Taron Makiyaya

Ofishin ƙungiyar makiyaya ɗaki ɗaya ne a bayan shagon maganin dabbobi. Mai shiga sai ya ratsa tsakanin buhunan dusa da kwalayen allura, ya sunkuyar da kai saboda igiyoyin da mai shago ya rataye, kafin ya iske tebur ɗaya, kujeru huɗu, da kabad na ƙarfe wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai an danna ta da gwiwa. A nan Malama take wuni sau uku a mako, tun da ta ajiye aikin koyarwa shekara uku da suka wuce. Ba ita ta nemi zama sakatariya ba. Ƙanin mahaifinta ne shugaban ƙungiyar, idonsa ya fara rauni, sai ya ce ta zo ta riƙa karanta masa wasiƙu na ɗan lokaci. Ɗan lokacin ne har yau bai ƙare ba.

Shanun da ƙungiyar take kiwo ana ce musu 'yan zobe. Gajeru ne, ruwan toka, ƙahonsu ɗan guntu mai lanƙwasawa ciki, kuma kowace tana da farin gashi da ya kewaye bakinta kamar an zana. Madararsu ba ta da yawa, jikinsu ba shi da girma. Abin da suke da shi juriya ce: su ci busasshiyar ciyawa su yi ƙiba, kaska ta hau su ba su kwanta ba, su haihu ba wanda ya taya su. Da can kowane gida a yankin da su ya tashi. Da manyan shanu masu yawan madara suka shigo, mutane suka riƙa sauyawa, har aka wayi gari abin da ya rage a littafin rajistar Malama ɗari biyu da goma sha ɗaya ne, a hannun mutum talatin da takwas.

Ƙarancin ma bai dame ta kamar abin da likitan dabbobi ya faɗa mata ba. Likita ya zauna da littafin yini guda yana bin iyaye da kakanni, ya ɗago ya ce duk bijiman ƙungiyar daga bijimi biyu suka fito. Jini ya yi kusa. Shi ya sa maruƙan bana suke zuwa da laushin ƙafa, wasu ma ba sa kai wata. In ba a samo bijimi daga wani garke na daban ba, nan da shekara goma ba sauran abin rubutawa.

Malama ta aika wasiƙu, ta yi magana a rediyo sau biyu, ta buga takarda mai hoton saniyar da lambar wayarta ta manna a kasuwannin dabbobi. Guda ɗaya ta rage a jakarta. Wata rana tana wucewa ta ƙofar mayanka, haushi ya sa ta tsaya ta manna ta a bangon, don masu wuƙa su ga abin da suke ƙararwa. Wata shida ba wanda ya kira, sai wani da ya tambaya ko suna ɗaukar ma'aikata.

Wata Talata da safe, tana buɗe ofis wayarta ta yi ƙara.

"Ke ce mai takardar shanun nan ta bangon mayanka?"

"Ni ce. Wa ke magana?"

"Dogo ake ce mini, mahauci ne. Akwai irin taku ɗaya cikin waɗanda na saya jiya, kuma ina ganin ciki ne da ita. In kina so ki gan ta, ki zo kafin rana ta yi."

Ta rufe ofishin ta tari tasi.

Ba ta taɓa shiga mayankar ba. Ruwa yana gudu a kwata, ana wasa wuƙa a wani lungu, maza cikin dogayen takalman roba suna wucewa da cinyoyi a kafaɗa. Ta ɗan tattare zaninta. Dogo ya fito ya tarye ta, kuma sunan ya dace da shi. Zai kai shekara hamsin da biyar, gemunsa ya fara fari, hannuwansa jiƙe har gwiwa don ya wanke su kafin ya zo gaisawa. Ya zagaya da ita baya, inda ake tsare dabbobi cikin shingen ƙarfe. Manyan shanu biyar suna cunkushe a kusurwa ɗaya. Can gefe wata gajera ruwan toka tana tsaye ita kaɗai tana tuƙa, kamar ba ruwanta da wurin.

Malama ta matsa ta duba kunnenta. Babu lamba, babu ko hudar lamba. Ta kalli zoben bakin, ta kalli ƙahon. Shanun ƙungiya kusan duk ta san su da fuska, wannan ba ta cikinsu.

"Daga ina ta fito?"

"Dillali ne ya haɗa mini. Amma na san mai su. Wani tsoho ne, Mai Lema muke ce masa, don ko da rana ko babu da lemarsa yake yawo. Duk shekara yakan kawo biyu ko uku. Bana ƙafa ta hana shi zuwa, sai ya aiko."

"Duk shekara?"

"Shekara goma sha biyu ke nan ina saye."

"Kana yankawa."

"Aikina ne, Malama."

Ta sake duban saniyar. Sannan ta ce, "Takardar nan wata shida tana bango. Me ya hana ka kira?"

"Karatuna bai yi nisa ba. Hoton kawai nake gani, na ɗauka tallan magani ne. Shekaranjiya wani mai sayen nama ya tsaya yana karantawa a fili, shi ne na ji abin da kuke nema." Ya gyara tsayuwa. "Da kin shigo kin yi magana ranar da kika manna, da tuni."

Kunya ta kama ta, don gaskiya ya faɗa. Ta tambaye shi inda tsohon yake zaune. Ya ce dillali ne kaɗai ya san hanya, kuma ba zai faɗa da sauƙi ba, don in masu saye suka san gidan, shi an gama da shi. "Ki bar ni da shi. Zai ɗauki lokaci, amma zai faɗa."

Saura inda za a kai saniyar. Malama ta kira shugaba a waya. Ƙungiyar tana da doka: dabbar da ta ratsa kasuwa ba ta shiga garken ɗan ƙungiya sai ta yi kwana ashirin da ɗaya a killace, Likita ya ɗauki jininta ya duba.

"Dokar nan ni na kawo ta, 'yar nan, ba ni zan fara karya ta ba," in ji shi. "Kuma mahauci? Me yake nema a wajenmu?"

"Baffa, bai nemi komai ba. Kira kawai ya yi."

"To, zai nema."

Ta kira wasu mutum huɗu, ba mai wurin killacewa. Ita kuwa a bene take haya, hawa na biyu. Dogo yana jin duk abin da ake yi. Da ta kashe wayar ya sosa gemu ya ce akwai ɗan fili a bayan gidansa, inda mai ɗakinsa take shanya.

Mai ɗakin nasa tela ce, kekenta yana baranda. Tana cikin ɗinki da yamma ta ga mijinta ya shigo riƙe da igiya, wata baƙuwa tana biye, saniya tana tsakiyarsu. Ta cire ƙafa daga kan keken.

"Baban yara, shekara talatin kana shigo mini da saniya a leda. Yau kuma da ƙafarta ka kawo ta?"

"Baƙuwa ce. Kwana ashirin da ɗaya za ta yi."

Ta dubi Malama, suka gaisa a tsanake, ta kawo mata ruwa. Sannan ta ce, "'Yar'uwa, ke ce shaida. In ta ci mini zanin mutane ko ɗaya, ku biyu zan riƙe."

Taron ƙarshen wata a ajin makarantar firamare ake yin sa ranar Asabar, manyan mutane zaune a bencin yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Malama ta sa maganar Dogo a jerin abubuwan tattaunawa ba tare da ta sake tambayar Baffa ba. Dogo ya zo cikin farar riga mai guga, ya sha turare, ya tsaya bakin ƙofa har aka nuna masa wurin zama.

Baffa ya gyara gilashinsa. "Sakatariya ta ce a ba ka dama ka yi magana. Ni dai na faɗa mata ra'ayina. Mu muna ƙoƙarin tarawa, ku kuna ragewa."

Dogo ya miƙe. "Gaskiya ne, ranka ya daɗe, na rage. Amma ban taɓa shiga garken wani na kwance saniya ba. Kawo mini ake yi. A ɗakin nan ma ina ganin fuska bakwai ko takwas da muka taɓa gaisawa a bakin aiki."

Wasu suka koma karanta abin da yara suka bari a allo.

"Ba don in kunyata kowa na faɗa ba," in ji Dogo. "Ba mai sayar da karsana don daɗi."

Baffa ya cire gilashin ya riƙe shi a hannu. Malama ta san abin da yake tunawa, don ita ma ta yi jinyar.

"Huɗu na kai maka," in ji shi a hankali. "Shekarar da marigayiya matata take asibiti."

"Biyar ne, ranka ya daɗe. Ɗaya babban ɗanka ne ya kawo, ya ce kar in faɗa maka."

Wani daga baya ya kasa riƙe dariya, sai ajin duka ya ɗauka. Baffa ma ya girgiza kai yana murmushi, ya ce zai gamu da yaron. Daga nan maganar ta saki.

Dogo ya ce su da hoto suke tallata shanun, shi kuwa ta ciki ya san su. A shekara goma sha biyu bai tuna ya zubar da hantar 'yar zobe saboda tsutsa ba, alhali na manyan shanu kullum sai an zubar da wata. Naman yana da laushi, kitsen a cikin tsoka yake, ba a bayanta ba. Akwai masu gidan abinci biyu da wani kuku na otal da suke tambayarsa yaushe zai sake samun naman ƙaramar saniyar nan, ba su ma san tana da suna ba.

"Ga abin da na gani," in ji shi. "Ba kowane namiji ne zai zama bijimi ba. Waɗanda ba ku zaɓa ba ku dandaƙe su, ku turke su, ku kawo mini. Zan ware musu tebur nasu, a rubuta sunansu a sama. In mutane suka san naman da suna, za su neme shi, mai kiwo ma ya san ba don tarihi kawai yake wahala ba. Mata kuwa, duk wadda ta shigo mayanka, a hannuna ko a hannun abokan aikina, Malama za a fara kira."

Likita ya ce shi ma zai riƙa zuwa yana duba hantar yana rubutawa, don maganar ta samu shaida. Aka ɗaga hannu, aka amince da tebur. Wani ya ce to a ba Dogo katin ƙungiya mana. Baffa ya ce doka ta ce sai mai saniya.

"Ai yana da ita," in ji mutumin.

"A bari mu ga ko za ta kai wata a gidansa da ranta," in ji Baffa.

Kwana ashirin da ɗaya suka cika, jinin ya fito lafiya. Wani ɗan ƙungiya ya ce zai karɓe ta, Malama ta je gidan don a shirya ɗauka. Ta tarar an yi wa saniyar rumfa da tsohon kwano, an kare gefen rana da labulen da ya koɗe, an mayar da igiyar shanya can gaban gida. Mai ɗakin Dogo tana tsaye tana zuba mata dusa a baho, saniyar tana goga kai a kafaɗarta.

"Ina za ku kai ta da tsohon ciki?" in ji ta. "A bari ta sauka lafiya tukuna."

"Ba ta ci zanin ba ke nan?"

"Ta ci hannun riga ɗaya. Na sake ɗinkawa, mai rigar bai sani ba."

Bayan mako biyar ta haihu, ranar wata Alhamis da la'asar, ba wanda ya taya ta. Mace ce, ƙafafunta ƙwarara, kafin Malama ta iso har ta miƙe tana tsotso. Likita ya duba ta ya ce alheri ne babba, amma a tuna bijimi ake nema. Maganar ɗauke saniyar dai ba a sake tayar da ita ba. Da Malama ta kawo takardar shiga ƙungiya, Dogo ya miƙa hannu zai karɓa, matarsa ta riga shi.

"Wa yake tashi ya ba ta ruwa? Wa yake kwashe kashin?"

Dogo ya janye hannunsa. Sunanta aka rubuta, ta zama ta talatin da tara.

Dillali kuwa sai da Dogo ya yi wata biyu yana sayen masa shayi da safe. A ƙarshe ya faɗi hanya, bayan an yi masa alkawarin duk abin da za a saya a wurin tsohon ta hannunsa zai bi.

Suka tashi wata Asabar da sassafe a motar Dogo, akori-kura da ya wanke har sau biyu. Baffa yana tsakiya, Malama a bakin ƙofa da littafin rajista a cinya. Baffa ya ce shi ba don komai ya zo ba, sai don kar a kawo musu ruwa biyu a ce 'yan zobe ne. Bayan awa biyu kwalta ta ƙare. Suka ratsa busasshen rafi, suka yi tambaya sau uku, sau ɗaya aka nuna musu hanyar da ba ita ba. Rana ta take sosai kafin su hango gida ɗaya mai rufin kwano, da babbar bishiya, da rijiya a gefe.

Lokacin shayarwa suka iso. Shanu suna gangarowa daga tudu a jere, gajeru, ruwan toka, kowace da farin zobenta. Baffa ya ce a buɗe masa ƙofa. Ya sauka, ya manta da sandarsa a mota, ya tafi ya dafa shinge da hannu biyu. Malama ta ga leɓɓansa suna motsi. Talatin da huɗu ya ƙirga, da bijimai uku a ciki. Bai juyo ba sai da ya goge fuska da hannun riga.

Tsohon yana zaune a gindin bishiya, lema a naɗe bisa gwiwoyinsa, ƙafarsa ɗaya a kumbure. Aka gaisa, aka daɗe ana tambayar gida da gajiya. Sannan Malama ta yi masa bayanin abin da ya kawo su.

"Ƙungiya?" in ji shi. "Ta shanu? Su suke taron ko ku?"

"Mu ne, Baba."

"Kuma 'yan zobe kuke ce musu. To, ni shanun babana na sani." Ya juya ya ƙare wa Dogo kallo. "Kai na gane ka. Kai ne mai wuƙa."

"Ni ne, Baba."

Tsohon ya sunkuyar da kai yana murza hannun lemar. Ya ce wadda ya aika bana, sai bayan ta tafi ya zauna ya yi lissafin watanni, ya gane tana da ciki. Kwana uku abinci bai yi masa daɗi ba. Bai taɓa aika mai ciki ba, tsufa ne ya sa ya ruɗe.

Dogo ya ciro wayarsa ya nemo hoto ya miƙa masa. Saniyar ce a ƙarƙashin rumfar kwano, 'yar maraƙarta tana manne da ita. Tsohon ya nisanta wayar daga idonsa, ya matso da ita, ya sake nisantawa. Ya daɗe yana kallo. Hasken ya ɗauke, ya miƙa aka kunna masa, ya ci gaba.

"A gidan wa?"

"A gidana."

"Mahauci," in ji tsohon, kamar yana gwada kalmar a bakinsa. Ya kira maƙwabcinsa da yake taya shi kiwo ya ce a ɗora ruwan shayi.

Amma da aka zo maganar bijimi, ya ce ba ya sayarwa. Da Malama ta buɗe littafi ta nuna masa lambar kunne, ya ce ba mai huda wa shanunsa kunne yana raye. 'Ya'yansa duk suna birni, ba mai niyyar dawowa, shi ya sa yake rage biyu-biyu, amma bijimi daban ne. Malama ta rufe littafin. Ta bar maganar saye, ta faɗa masa abin da Likita ya gano, da maruƙan da suke zuwa da laushin ƙafa. Ba ta gama ba ya ɗaga hannu.

"Biyu na binne bana," in ji shi. "Na san dalili. Shekara ashirin baƙon bijimi bai shigo garken nan ba. Ina zan samo? Na ɗauka ni kaɗai na rage."

Baffa ne ya kawo shawarar musaya: tsohon ya ba da matashin bijimi ɗaya na shekara guda, ƙungiya ta kawo masa nata ɗaya, kowa ya samu sabon jini. Tsohon ya ce sai ya ga nasu tukuna. Malama ta nuna masa hotuna. Ya ce wannan ƙahonsa ya buɗe da yawa. Baffa ya ce ƙahon asali ke nan, na tsohon ne suka matse. Suka shiga gardama har shayi ya huce, kowa yana kafa hujja da abin da ya gani a garken mahaifinsa. Dogo da Malama suka koma gefe suka bar su. A ƙarshe tsohon ya zaɓi wani bijimin da Baffa bai so bayarwa ba, ya kuma kafa sharaɗi: duk inda za a kai nasa, da shi za a tafi ya ga wurin kwanansa.

Haka aka yi. Likita ya je ya ɗauki jini, bayan mako uku akori-kura ta kai bijimi ɗaya ta dawo da ɗaya, Mai Lema yana gaba kusa da direba. Ya zagaya shingen Baffa yana ɗingishi, ya ce kwamin ruwa ya yi tsawo, aka rage. Ya ce zai kwana ɗaya, ya yi huɗu. Malama ta tsara yadda bijimin zai zagaya, ta fara da waɗanda suka fi rasa maruƙa, mutum uku suka yi fushi, ɗaya ya daina amsa wayarta na mako biyu. Teburin Dogo ma bai fara da ƙarfi ba, don sa biyu kawai aka samu a watan farko, amma ranar da aka yanka na biyun kafin azahar ya ƙare, kukun otal ya bar lambar wayarsa.

Tsohon bai daina sayarwa ba, ƙafar ba ta bar shi ya riƙe talatin da huɗu ba. Sai dai yanzu karsana in za ta fita, 'yan ƙungiya ake fara tambaya. Maganar huda kunne kuwa yana nan a kan bakansa. Ranar da za a mayar da shi gida ya tambayi Malama ko littafin nata yana karɓar saniya ba tare da lamba ba. Ta ce in akwai hoto da sunan uwa da uba, za ta kai maganar gaban taro. Taro ya amince.

Mako na gaba ta koma da kyamarar aro. Maƙwabcin yana kamo su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaukar hoto ta gefe da ta gaba, tsohon yana zaune a kan kujera yana faɗa. Ta yi zaton suna biyu zai ba ta a kan kowace. Shi kuwa sai ya faɗi uwa, da uwar uwa, da wadda ta haifi wannan, da shekarar da aka haife ta, da halinta, wadda take harbi da wadda take buɗe shinge da ƙaho. Layin da aka ware wa kowace saniya bai isa ba, ta koma rubutu a gefen shafi, daga nan ta ciro takardun taron da ya wuce ta juya bayansu. Gab da la'asar suna kan ta goma sha tara, wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho. Tsohon ya dube ta, ya ce wa Malama ta ajiye biro ta sha shayi tukuna, don labarin kakar wannan yana da tsawo.